Daga "in Allah ya yarda" zuwa aikatawa: yadda ake auna niyyar mutane a hango abin da za su yi

Shekarar da na fara yawon tambayoyi a ƙauyukan Adar, aikin da ƴan lakwal ke ce wa anket, an ba mu takarda mai tambaya kamar haka: "Kina ganin maganin rigakafin zazzaɓin damina yana da amfani ga yara?" Muka bi gida gida tsakanin Illela da Badagishiri. Ban tuna uwa ko ɗaya da ta ce a'a ba. Muka koma Tawa da murna, muka rubuta cewa mata sun karɓi abin hannu bibbiyu.

Wanda ya san wannan magani ya san na kwana uku ne a kowane wata na damina, ga yara daga wata 3 zuwa wata 59. Na ranar farko a gaban mai rabo ake sha, na rana ta biyu da ta uku uwa ake bar wa. Bayan mako uku wani aiki ya sake kai ni wasu daga cikin gidajen nan, sai ga ƙwayoyin kwana biyun a ledarsu, wata an saƙale ta a jikin danga, wata tana cikin kwano a bayan gado.

Babu wadda ta yi mana ƙarya. Sun yarda maganin yana da amfani, har gobe ma sun yarda. Mu ne muka tambayi ra'ayi muka ɗauka mun ji labarin aiki. Wannan jagora na ɗalibin da ke shirin rubutun kammala karatu ne, da ma'aikacin lafiya, da malamin gona, da duk wanda aikinsa ke buƙatar ya san abin da mutane za su yi gobe daga abin da suka faɗa yau.

Kuskuren ya girme mu

A farkon shekarun 1930 wani malamin jami'ar Stanford a Amurka, Richard LaPiere, ya yi yawo da wasu mata da miji ƴan ƙasar Sin, a lokacin da ƙyamar mutanen Asiya ta yi ƙarfi a can. Sun shiga masaukai da gidajen abinci 251, wuri ɗaya tak aka kore su. Bayan wata shida ya aika wa wuraren nan wasiƙa yana tambaya ko za su karɓi baƙi ƴan Sin. Wurare 128 suka amsa, fiye da kashi 90 cikin 100 suka ce ba za su karɓa ba. Ya buga sakamakon a 1934. Binciken yana da rauni, don mai amsa wasiƙa ba lalle ne shi ya tarbe su a bakin ƙofa ba, kuma sun je ne tare da Bature. Amma ya tayar da ƙurar da ba ta kwanta ba. A 1969 Allan Wicker ya tattara bincike 42 ya duba, ya ga dangantakar ra'ayi da aiki da wuya ta wuce 0.30, a ma'aunin da 0 ke nufin babu haɗi sam, 1 kuma ke nufin abu biyun tafiyarsu ɗaya. Har wasu masana halayyar ɗan Adam suka fara cewa a daina auna ra'ayi gaba ɗaya.

Martin Fishbein da Icek Ajzen ne suka nuna inda gizo ke saƙa. A 1975 suka ce ra'ayi ba ya haifar da aiki kai tsaye, sai ya bi ta niyya. A 1977 suka nuna cewa yawancin binciken da ya gaza ya auna ra'ayi a kan abu ɗaya ne, ya je ya duba aiki a kan wani abu dabam. Matakan da ke tafe daga aikinsu da na waɗanda suka biyo bayansu suka samo tushe, sai dai na gyara musu zama don su dace da zauren mai gari.

Mataki na farko: tsayar da aikin kafin ka rubuta tambaya ko ɗaya

A nan mu ke da sa'a, don duk wanda ya yi karatun zaure ya riga ya san wannan darasi. Ba ka tsayawa a kan sallaya ka ce ka yi niyyar ibada kawai. Sai ka ayyana: sallar azahar, farilla, kuma niyyar tana haɗe da kabbarar harama, ba tun da hantsi ba. Niyyar da ba a ayyana ba ba ta ɗaukar salla. Haka ma a bincike, niyyar da ba a ayyana ba ba ta hango komai.

Ajzen da Fishbein sun ce kowane aiki yana da ƙafa huɗu: abin da za a yi, wanda za a yi wa ko abin da za a yi a kansa, wurin da za a yi, da lokacin. Ɗauki takarda ka rubuta jimla ɗaya da ta ƙunshi huɗun. "Kula da lafiyar yara" ba aiki ba ne, taken taro ne. "Ba yarona ƙwayar rigakafi a gida gobe da jibi" aiki ne. "Gyaran ƙasa" ba aiki ba ne. "Haƙa tassa, wato ramukan shuka masu tare ruwa da taki, a gonata ta fako kafin ruwan farko na bana" aiki ne.

Daga nan duk tambayar da za ka yi, ta ra'ayi ce ko ta niyya, da wannan jimla za ka yi ta, kalma da kalma. Andrew Davidson da James Jaccard sun nuna amfanin haka a 1979, da suka bi wasu matan aure a Amurka shekara biyu. Ra'ayinsu a kan tsarin iyali gaba ɗaya bai hango shan ƙwayar tazarar haihuwa ba, dangantakar 0.08 ce kawai. Ra'ayinsu a kan ita ƙwayar ya kai 0.32. A kan shan ƙwayar, 0.53. A kan shan ta cikin shekara biyu masu zuwa, 0.57. Mata ɗaya, magana ɗaya, tambaya ce kawai aka matse.

Wannan ba ya nufin babban ra'ayi banza ne. Yana hango babban hali. Idan kana son sanin ko mai cewa yana ƙaunar itatuwa da gaske yake, kada ka auna shi da dashe ɗaya. Tara ayyuka da yawa: ko yana barin tsiron gawo a gona in yana sassabe, ko yana sassaƙe reshe maimakon sare gindi, ko ya je gayyar dashe. Russell Weigel da Lee Newman sun yi irin wannan a 1976 a kan kula da muhalli, da suka haɗa ayyukan wuri ɗaya dangantakar ta kai 0.62. Babban ra'ayi da tarin ayyuka, ƙaramin ra'ayi da aiki guda. Haɗa babban ra'ayi da aiki guda shi ne abin da muka yi a Illela.

Mataki na biyu: nemo saiwoyin niyya daga bakin masu ita

A 1985, sannan a wata maƙala ta 1991 da ta zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi ambata a fannin, Ajzen ya ce niyya tana shan ruwa daga saiwa uku. Ta farko ra'ayin mutum a kan aikin: me zai jawo mini, alheri ko wahala? Ta biyu idon mutane: waɗanda maganarsu ke da nauyi a kaina suna so in yi? Ta uku hali: abin yana hannuna, zan iya? Ta ukun tana da hanya biyu, tana ƙarfafa niyya, kuma tana iya tare aiki ko da niyyar ta cika.

Kada ka zauna a ofis a Yamai ka ƙirƙiro abin da ke cikin kowace saiwa. Nemi mutum ashirin zuwa talatin irin waɗanda za ka bincika, ka zauna da su ɗaya ɗaya, ka yi musu tambayoyi shida a buɗe: amfanin yin aikin, illarsa, wa zai ji daɗi in an yi, wa zai ɓata rai, me zai sauƙaƙa shi, me zai hana. Rubuta amsa da kalmominsu. Abin da ya fi maimaituwa shi zai shiga babbar takardarka. Da mun yi haka da mun ji tun farko cewa ƙwayar tana da ɗaci, wani yaron yana amai ko ya kwanta lis bayan ya sha, kuma watan Agusta uwa tana fita gona tun sanyin safiya ta bar yaro hannun yayarsa ƴar shekara takwas. Da mun ji cewa wasu suna ajiye sauran ne da gangan, don ranar da zazzaɓin ya zo da gaske a sami abin bayarwa. A wurinsu wannan tanadi ne, ba sakaci ba.

Saiwa ta biyu ce nake so ka daɗe a kanta. Christopher Armitage da Mark Conner sun tattara bincike 185 a 2001, suka ga idon mutane shi ne mafi rauni cikin ukun wajen hango niyya, ko da yake su da kansu sun ɗora wani ɓangare na laifin a kan yadda ake auna shi da tambaya ɗaya tak. Yawancin waɗannan bincike a Turai da Amurka aka yi su, da yawa a kan ɗaliban jami'a masu yanke wa kansu shawara. A Adar ni ban ga rauninsa ba. Amaryar da mijinta ya tafi cin rani Abijan ko Libiya, tana zaune gidan surukai, ra'ayinta a kan zuwa awon ciki yana iya zama fari tas, amma ƙafarta ba ta fita sai uwar miji ta ce to, wani lokaci ma sai an kira mai gidan a salula. Saboda haka kafin ka tambayi niyyar mutum, tambayi wa ke da wuƙa da nama a kan wannan aiki. In ba ita ba ce, niyyar mai yanke maganar ita ma sai ka auna.

Kuma idon mutane iri biyu ne. Akwai abin da ake cewa ya kamata, akwai abin da kowa ya ga ana yi. Robert Cialdini da abokan aikinsa sun raba su a 1990 a bincikensu na zubar da shara: mutum ya fi jefar da takarda a wurin da ya riga ya ƙazantu, ko da ya san ba kyau. A nan gida, masu bincike na cibiyar LASDEL a Yamai, tare da Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun daɗe suna rubutu a kan tazarar da ke tsakanin dokar da ke rubuce da ƙa'idar da ma'aikata ke bi a aikace a asibitoci da ofisoshi. To ka yi tambaya biyu. "Mai gidanki yana so ki ba shi?" ɗaya ce. "Cikin maƙwabtanki goma, nawa ne kike jin suna ba da na kwana ukun duka?" ita ce ta biyu, kuma sau da yawa ita ta fi faɗa maka gaskiya, don mutum ya fi sakin baki a kan maƙwabci.

A saiwa ta uku ka raba "na iya" da "yana hannuna". Manomi a Keita yana iya sanin haƙa ramin tare ruwa mai siffar rabin wata sarai, amma in samarin gidan duk sun tafi, kuma takin da zai zuba babu amalanken ɗaukarsa, iyawarsa ba ta kai shi ko'ina. Tambayi duka biyun.

Mataki na uku: tambayar niyya inda kara ta yi yawa

Wannan shi ne wurin da takardun da aka fassaro daga Faransanci ke faɗuwa. Suna so mutum ya zaɓi ɗaya cikin bakwai, daga "ban yarda sam ba" zuwa "na yarda ƙwarai". Bahaushe ba ya kallon baƙon da ya sha rana ya zo ƙofarsa ya ce masa ban yarda sam ba. Zai ce "to". Zai ce "in Allah ya yarda". Kuma wannan kalma tana ɗauke da kaya biyu: musulmi ba ya cewa zai yi abu gobe ba tare da ita ba, don haka mai cikakkiyar niyya yana faɗinta, mai sallamar ka cikin mutunci shi ma yana faɗinta. In ka rubuta dukansu "e", ka haɗa zuma da maɗi a tulu ɗaya.

Abin da na ga yana aiki shi ne tsakuwa goma, ko ƙwayar wake goma. Ka zube su a tabarma, ka karɓi "in Allah ya yarda" ɗin da hannu biyu, sannan ka wuce gaba:

"Inna, Allah ya yarda mana. To a ce waɗannan goma su ne ƙarfin zuciyarku a kan ba shi maganin gobe da jibi. In kun tabbata ba makawa, ku tura mini duka. In da ɗan shakka saboda gona ko wani abu, ku rage."

"Kai ɗan nan, da wasa ka zo."

"Wasan ne aikin, Inna."

"To ga shida. Jibi kasuwa ce, ban san lokacin da zan dawo ba."

Ka ga shidan nan ta fi "e" ɗari daraja, kuma ta ba ka dalili kyauta. Yi tambayar ta fuska biyu ko uku, "kina so", "kin ƙudura", "kina jin zai yiwu", don so dabam, ƙuduri dabam, tsammani dabam. Na ƙarshen yakan fi kusa da abin da zai faru, saboda a cikinsa mutum yana lissafa kasuwa da ruwan sama da halin mai gida.

Sauran sharuɗɗan sanannu ne, sai dai ana yawan take su. Mace ta tambayi mace in da hali. Kada a yi tambaya a gaban uwar miji ko kishiya ko mai unguwa. Wanda ya raba maganin kada ya zama shi ke tambaya. Bar motar mai tambari a bakin gari, don wanda ya ga tambari yana amsa wa buhun da yake fatan za a kawo ne, ba kai ba. Matasa kuma kada ka yi musu tambayar niyya a fada ana shan shayi, amsar da za ka samu ta fada ce, ba ta mutum ba.

Ƙara tambaya biyu da ba su cikin ukun Ajzen. Ta farko: ka taɓa yi? Dennis Regan da Russell Fazio sun nuna a 1977, lokacin ƙarancin ɗakunan kwana a jami'ar Cornell, cewa ɗaliban da suka kwana a gadajen wucin gadi da waɗanda suka ji labari kawai duk sun yi tir da lamarin, amma na farkon ne ra'ayinsu ya fi kai su ga ɗaukar mataki. Gani ya kori ji. Ra'ayin wanda ya taɓa ajiye albasa a rudu, wato rumbun ajiyarta, ta ruɓe masa ya fi na wanda ya ji a rediyo nauyi, ko ya karkata ta ina. Ta biyu: wancan karon me ka yi? Aikin jiya yana cikin abubuwan da suka fi hango na gobe.

Mataki na huɗu: koma ka gani

Niyya tana tsufa. Wadda aka auna a watan Maris a kan abin da za a yi a Yuli ta sha rani, ta sha tsadar hatsi, ta sha biki da rasuwa. Matsar da tambaya kusa da aikin iyakar iyawarka, sannan ka sa ranar komawa tun kafin ka fita, ka ware mata kuɗin mai. Binciken da ba a koma ba ya auna niyya ne kawai, kada a yi masa laƙabin hango aiki.

In ka koma, nemi shaida maimakon labari: ledar magani, katin awo, ramukan da ke gona, littafin adashe. A tattarawar Armitage da Conner, saiwoyin nan sun bayyana kashi 39 cikin 100 na bambancin niyya tsakanin mutane, da kashi 27 na bambancin aiki, kuma adadin ya fi haka in mutum ne ya ba da labarin kansa, ya ragu in an duba da ido. Wato wani ɓangare na daidaituwar, baki ne ke gaskata baki.

Akwai wani tarko kuma. Tambayar da kanta tana canza mutum. Steven Sherman ya gwada a 1980: da aka nemi mutane kai tsaye su ba da sa'o'i uku don tara wa ƙungiyar yaƙi da ciwon daji kuɗi, kashi 4 ne suka yarda. Wasu kuma aka fara tambayarsu ko za su yarda in an nema, kusan rabi suka ce e, da aka zo nema daga baya kashi 31 suka yarda. Alkawari kaya ne, ko da ga baƙo aka yi shi. Don haka ka bar wasu gidaje da ba ka yi wa tambayar niyya ba, ka duba aikinsu su ma, ka ga nawa ne daga cikin abin da ka samu tambayarka ta haifar.

Mataki na biyar: raba mutane gida huɗu

Ba sai kana da kwamfuta ba. Ja layi biyu a takarda, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Masu niyya da suka yi, masu niyya da ba su yi ba, marasa niyya da suka yi, marasa niyya da ba su yi ba. Sheina Orbell da Paschal Sheeran ne suka fito da wannan rabo a 1998. Da Sheeran ya duba bincike da dama na harkar lafiya a 2002, ya ga kusan rabin masu niyya ba su aikata ba, alhali marasa niyyar da suka aikata ƴan kaɗan ne. Wato niyya ta fi iya faɗa maka wanda ba zai yi ba. Wanda ya tura maka tsakuwa biyu, kusan ka gama da shi. Wanda ya tura tara, da sauran magana.

A ce cikin uwaye 100, 80 sun nuna niyya mai ƙarfi, 45 daga cikinsu suka cika, sauran 20 ɗin kuma 2 ne suka ba da maganin. Misali ne kawai, amma dubi abin da yake nunawa: cikin 53 da ba su bayar ba, 35 sun riga sun yarda. In ka kwashe kuɗinka ka kai gidan rediyo ana ta wayar da kai, kana yi wa 18 wa'azi ne, 35 kuma suna gyaɗa kai suna cewa ai mun sani.

Mataki na shida: kowane gida da maganinsa

Marasa niyya, koma ga saiwoyi ka ga wadda ta bushe. In ra'ayi ne, a kai su su gani. Tassa ta bazu a yankin Illela ne bayan da aka kai wasu manoma Yatenga ta Burkina Faso a 1989 suka ga irin ramukan da ake kira "zaï" a can da idonsu, suka dawo suka gwada, maƙwabta suka ga hatsi ya tsaya a fako. In idon mutane ne, da uwar miji da liman za ka yi magana, ba da amarya ba. Amma kada ka sa rai da yawa: Thomas Webb da Sheeran sun tattara gwaje-gwaje 47 a 2006, suka ga in an yi nasarar ɗaga niyya sosai, aiki yana ɗagawa ne kamar rabin haka.

Masu niyyar da ba su cika ba su ne inda riba take, kuma maganinsu ya fi araha. A 1965 Howard Leventhal da abokansa sun tsoratar da ɗaliban jami'ar Yale da bayanin ciwon sarƙe haƙora, ɗaliban suka ce za su je allura, kashi 3 ne suka je. Waɗanda aka haɗa musu da taswirar asibitin makaranta, aka ce su duba jadawalinsu su zaɓi lokaci da hanyar da za su bi, kashi 28 suka je. Peter Gollwitzer ya ba wannan dabara tsari a 1999: mutum ya ɗaura aikin a jikin wani abu da tabbas zai faru, "in kaza ya faru, zan yi kaza". A wani gwaji a Ingila a 2002 a kan motsa jiki, ɗaliban da ba a yi musu komai ba kashi 38 suka yi, waɗanda aka zaburar da bayani kashi 35, waɗanda suka rubuta rana da wuri da lokaci kashi 91. Ba kullum tazarar ke kai haka ba. A zaɓen fidda gwani na 2008 a jihar Pensilbaniya, tambayar mutum ƙarfe nawa zai je, daga ina, me zai kasance yana yi kafin nan, ta ƙara fitowa da maki 4 cikin 100 a tsakanin waɗanda aka samu a waya. A harkar zaɓe wannan ba kaɗan ba ne.

Mu agogonmu salla ce da abinci da kasuwa, to a nan za a ɗaura. Kada mai rabo ya ce "ki ba shi gobe". Ya tambaya, ya bar ta ta faɗa da bakinta:

"Yaya, gobe wane lokaci ne yaron ke hannunki tabbas?"

"In na idar da asuba, kafin in dama kunu."

"Ina za ki ajiye ledar don ki gan ta a lokacin?"

"Cikin ƙwaryar gari."

"In ya yi amai fa, ko ya ƙi?"

Tambayar ƙarshen nan ita ce ake mantawa. Shiri yana buƙatar na biyunsa, na ranar da abu ya karkace.

In kuwa hali ne ya gaza, shiri ba ya sayen taki. A Udaipur ta Indiya, Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokansu sun ga yaran da suka kammala allurar rigakafi kashi 6 ne a ƙauyukan da ba a taɓa ba, kashi 18 inda aka tabbatar ma'aikaci yana zuwa kowane wata ba fashi, kashi 39 inda aka ƙara da kilo ɗaya na wake a kowace allura da faranti in an kammala. A yammacin Kenya kuma, manoma suna cewa za su sa takin zamani, lokacin shuka ya zo kuɗin ya narke. Da aka kai musu damar biya tun lokacin girbi, kuɗi na hannu, masu sawa suka ƙaru. Matanmu sun riga masana gane wannan. Mai zubin adashe ta san jikka biyar a ɗaure a bakin zane ba ta kai ƙarshen wata, shi ya sa take miƙa ta ga uwar adashe tun ranar kasuwa. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da suka faro a yankin Maraɗi a 1991 a kan wannan hikima suka tsaya.

Inda awon niyya ba ya da ƙarfi

Aikin da ake yi kullum a wuri ɗaya, kamar wanke hannu kafin cin tuwo ko sa hular kwano a kan kabu-kabu, sabo ke jan sa, ba tunani ba. Judith Ouellette da Wendy Wood sun nuna a 1998 cewa a irin wannan aiki abin da mutum ya saba ya fi niyyarsa hango gobe, niyya kuma ta fi tasiri a abin da ake yi jefi-jefi, kamar allurar shekara ko zaɓe. In aikinka na kullum ne, rage tambayoyin ra'ayi, ka ƙara kallon wuri: ina buta take, ina sabulu, wa ke zuba ruwa. Kuma kada ka koma bayan mako biyu ka ce sabo ya kafu. A binciken Phillippa Lally a Landan a 2010, matsakaicin lokacin da sabon aiki ya ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne, wani 18, wani har 254. Ga irin wannan, komawa ɗaya ba ta isa ba. Sa ta farko bayan wata ɗaya, ta biyu bayan wata uku, kuma ɗaya daga ciki ta faɗo a tsakiyar aikin gona, lokacin da gida ya watse tun asuba.